'Ya'yan Malam Yunusa Basine

Tun ranar da muka sauka Gure ba a bar ni na sha iska ba. In na fito masallaci a tare ni, in na gangara kwari duba dabinona a biyo ni har bakin rijiya, kowa da tasa tambayar. Har na ji ana faɗi a kasuwar Kelle wai Alhaji Bukar ya zarce Makka ya kai ƙasar Sin, ya ci abinci da tsinke. To, cin abinci da tsinke kam na yi, amma ƙafata ba ta taka ƙasar Sin ba. Bari in faɗa muku yadda aka yi tun daga fari, kowa ya huta.

Bayan kaka muka tashi, ni da mai ɗakina Falmata, da jaki ɗaya, da gero, da mangul, gishirin ƙasarmu, da za mu riƙa sayarwa a hanya. Kafin nan sai da na gaji da zirga-zirgar bariki, domin kumandan ya ce mutane da yawa suna fakewa da haji ne su guje wa lanho, wato harajin Nasara, da aikin tilas. Da tafinta ya shaida masa na bar gonar dabino da ƙannena a gari, sai kumandan ya ce mai dabino zai dawo, ya sa hannu.

Wahalar farko a Komadugu ta same mu, bayan mun wuce Maine. Ruwa bai janye ba, sai a kan gora ake ƙetarewa. Aka ɗora kaya, aka ja jaki, shi kuwa da ya kai tsakiya ya yi wata irin zabura ya kifar da gorar da mangul yake kai. Kafin a tsamo, rabinsa ya narke. Na tsaya a gaɓa raina a ɓace, Falmata kuwa tana matse zanenta ta ce, "Malam, ka fara sadaka tun ba ka yi nisa ba. Yau kifayen nan sun sha miya mai gishiri." Dole na yi dariya.

Borno ba baƙon wuri ba ne gare mu, harshe ɗaya, tuwo ɗaya. Sai da muka wuce Forlami muka shiga Wadai na tabbata mun bar gida. A iyakar Faransi da Ingilishi, wajen Jinaina, aka tsare mu aka yi mana lamba a hannu saboda agana, aka ce mu zauna sai ta tashi. Daga nan sunanmu ya ɓace. Babarbare da Bahaushe da Bafillace, duk Takari ake ce mana.

Duk garin da muka shiga a Sudan akwai zangon Takari, a nan ake sauka. A wani zango kusa da Fashir na haɗu da wani tsoho mutumin Gamu, wanda ya baro gida tun Nasara ba su zo ba. Yana da gona da jikoki a can, amma in ka tambaye shi sai ya ce, "Muna hanya." Ya riƙe hannuna yana tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya, kuma duk wanda ya ambata ya daɗe a kushewa. Na faɗa masa gaskiya a kan wasu, wasu na ce na baro su lafiya a bakin kwari. Allah ya yafe mini, ban iya ƙarasa masa su duka ba.

Abincinsu kisira, wata waina ce mai faɗi, siririya kamar takarda, da tsami. Da farko in na ci sai in ji kamar ban ci kome ba. Daga baya na saba. Damina biyu muka yi a gonakin auduga na Madani muna tara guzuri, kuma a nan Larabcin kasuwa ya hau kan ɗan Larabcin littafi da na taso da shi. A Sawakin, bakin bahar, aka karɓe tufafinmu aka turara su a wata tukunyar ƙarfe don kashe cuta. Hulata ta fito ta tsuke, ko kan jinjiri ba za ta shiga ba. Zancen jirgin ruwa kuwa ku bar shi. Ni da na hau raƙumi tun ina yaro, kwance na iso Jidda.

Daga Jidda muka ɗaura harami muka kama hanyar Makka a ƙasa, kamar yadda talakawa suke yi. Da hantsi, mun wuce wata rumfar masu gahawa, sai muka iske raƙumi a gurfane, igiyar sirdinsa ta tsinke, ɗan ɗakin da ake ɗaura wa mata a kai ya faɗo ya karye. Mai raƙumin yana ta faɗa. A gefe ga wani tsoho cikin harami, fari, mai ƙananan idanu, gemunsa 'yan silalla kamar a ƙirga. Ga kuma wata tsohuwa zaune a kan rairayi ta yi tagumi. Ayarinsu ya yi gaba.

Na yi sallama. Tsohon ya amsa da wani irin Larabci cikakke, kowane wasali a wurinsa, kamar mai jan baƙi a gaban malami. Ni ma na gyara murya na mayar masa da irinsa. Mai raƙumi ya bar faɗa ya koma yi mana dariya. Tsohon ya ce sunansa Yunusa, limami ne a wani ƙauye can arewa maso yammacin ƙasar Sin, wannan kuwa iyalinsa ce, Maryama. Na ce, "Ashe akwai Musulmi a Sin?" Ya ce, "Ni ma sai a Jidda na san akwai su a ƙasarku."

Na ce to su taso mu taka tare. Ya girgiza kai ya nuna ƙafar matarsa. Falmata ta duba, ta kama baki. Ƙafar ba ta fi tafin hannun yaro ba, an naɗe ta da ƙyalle cikin wani ɗan takalmi mai tsini.

Falmata ta ce mini, "Malam, wuta ce ta cinye mata?"

Na tambaya. Ya ce a'a, a wurinsu haka ake ɗaure wa 'ya mace ƙafa tun tana ƙarama don kada ta girma, shi ne kyau. Tana iya zagaya tsakar gida, amma ba ta iya doguwar tafiya.

Falmata ta matso. Ta sauke ƙunshinta ta miƙo mini, ta durƙusa a gaban tsohuwar ta ba ta baya, ta warware gyalenta. Tsohuwar ta dubi mijinta, mijin ya dube ni. Na ce, "Malam, a ƙasarmu in mace ta ba da baya ba a musu." Haka Falmata ta goya ta, ta tamke gyale a ƙirji. Muna tafe muna hutawa har muka cim ma ayarinsu a masauki na gaba. A wani hutu na ga tsohuwar ta sa yatsa tana bin tsagar fuskar Falmata a hankali, idonta ya ciko da ƙwalla. Ta yi wa mijinta magana. Ya ce, "Tana tambaya wane azzalumi ne ya yi mata haka." Falmata ta ce, "Gaya mata uwata ce ta kai ni, don in yi kyau." Da aka fassara, su biyun suka dubi juna suka fashe da dariya.

A Makka mun yi niyyar sauka unguwar Takari, inda bukkokin gwangwani da tsumma suke, amma Malam Yunusa ya rantse sai mun bi shi gidan da alhazan Sin suke sauka. Ya roƙa mana wani ɗan ɗaki a kan soro. A nan ne na ci abinci da tsinke. Taliya ce doguwa cikin romo, su suna ɗaukarta da 'yan sanduna biyu kamar da yatsu aka haife su. Na gwada, ta sulluɓe ta faɗa mini a gemu. Na gwada kuma, ta faɗa a cinya. Da na ga abin zai kai ni ga kwana da yunwa, na yi bisimilla na sa hannu. Shayinsu kuwa ba sukari, ruwan ganye ne zalla, na ɗauka magani ake ba ni. Amma ranar da Falmata ta samo gero a kasuwa ta dama kunu, Malam Yunusa ya kurɓa ya rufe ido. Ya ce su ma gero suke nomawa, ƙasarsu busasshiya ce, kullum ido na sama ana jiran hadari. Tun daga ranar na daina ganinsa baƙo.

Aka yi haji lafiya. Bayan an sauko, zazzaɓi ya kwantar da Falmata har na fid da rai. Hajiya Maryama ce ta yi jinyarta. Ta kan shafa mata mai a baya ta kankare da gefen cokali har wurin ya yi ja, kamar dai yadda mu muke yin ƙaho. Kafin Falmata ta miƙe, ayarin Takarin da za mu bi mu koma gida ya wuce, sai muka yanke mu zauna har wani hajin, ni ina ɗaukar ruwa ina kai wa gidaje.

Alhazan Sin ma suka ɗaure kaya suka tafi, amma Malam Yunusa bai motsa ba. Wata rana bayan la'asar, muna zaune a kan soro, na ce, "Malam, ba ka marmarin gida?"

Ya juya ya dubi gabas. Sa'an nan ya ce, "Malam Bukar, tsoron gida nake ji."

Ya ce lokacin da yake saurayi suna da babban sarki ɗaya wanda kowa ya ɗauka sarautar gidansu ba ta da ƙarshe. Aka wayi gari an tuɓe shi. Ƙasa ta rarrabu a hannun masu bindiga, kowane da yankinsa, har akwai mai karɓar harajin shekarun da ba su zo ba. Turawa kuma sun riƙe manyan garuruwan bakin bahar suna yin yadda suka ga dama. Sai samari masu karatu suka tashi suka ce a ceci ƙasa. Da farko tafiyarsu ɗaya, daga baya suka rabu biyu, rabuwa ta jini. Ɓangare ɗaya, su ne suka riƙe gwamnati, ana ce musu 'yan kishin ƙasa. Ɗayan kuwa masu jar tuta ne, 'yan kwaminis.

"'Ya'yana maza biyu ne," ya ce. "Haruna, babban, yana cikin mahayan gwamnati. Idirisu, ƙaramin, ya bi masu jar tuta."

Na ce me ya raba su. Ya ce in sun zauna cin abinci, Haruna ya kan ce a fara haɗa ƙasa ƙarƙashin tuta ɗaya a kori baƙi, sauran gyara ya biyo baya. Idirisu kuwa ya ce ina amfanin tuta ga manomin da zai yi noma shekara, mai ƙasa ya zo ya kwashe fiye da rabi? A ƙwace gonaki a raba wa masu nomansu. Abu ɗaya kawai suka taɓa yarda a kai, cewa ba za a ɗaure ƙafar ƙanwarsu ba, kuma suka hana.

Wannan zancen gona ya ɗaure mini kai. Na ce a wurinmu in kana son gona sai ka gai da mai gari ya nuna maka daji ka sare. Abin da ke cin mu shi ne lanho da kwasar mutane aikin hanya ana tsakiyar noma. Ya ce, "To ku rabin ciwonmu gare ku. Da Haruna za ku shirya."

Na ce, "Su masu jar tutar, suna salla?"

Ya ce manyansu sun ce babu Allah, kuma wannan ne ya hana shi barci tun da yaron ya tafi. Amma da rundunarsu ta ratsa ƙauyen da yake limanci, a yagalgale, da yawa ba takalmi, ba wanda ya taka masallaci, ba wanda ya shigo da naman alade, abin da suka ci kuma sun biya. A garin gaba kuwa suka fasa rumbunan wani mai ƙasa suka rabar, shi kuma suka kashe shi, mutumin da ya sani, ya sha cin abinci a gidansa. Mahayan gwamnati su kuma masu salla ne, amma in sun shigo ƙauye har kazar gwauruwa ba ta tsira.

"Kullum ana tambayata a masallaci wa ke da gaskiya," ya ce. "Ni kuwa in na duba nan in ga ɗana, in na duba can in ga ɗana."

Ana gab da tasowarsu haji aka aika rundunar Haruna ta tare masu jar tuta a wata hanya tsakanin duwatsu, cikin tsananin sanyi, kuma an ce Idirisu yana cikinsu. Shi ya sa ya ƙi komawa. Ya ce muddin yana nan, 'ya'yansa biyu gare shi. In ya koma, wataƙila ya iske ɗaya, kuma ya san hannun da ya kashe ɗayan.

Na tashi na koma ɗakinmu. Da na gaya wa Falmata, ta ce ai ta daɗe da sani. Na ce da wane harshe? Ta ce tsohuwar kullum in ta zuba abinci sai ta ajiye tsinke na mutum biyu a gefe, ɗaya dama ɗaya hagu, ta daɗe tana kallonsu kafin ta kwashe.

Haka muka ci shekara. Da lokacin haji ya kewayo, sababbin alhazan Sin suka fara isowa. Malam Yunusa ya kan tsaya a bakin ƙofa ya ga shigowarsu, in an zo gaisawa sai ya zame ya hau soro. Ran nan da safe ina sauke salkar ruwa, sai ga wani ƙaƙƙarfan mutum ya shigo yana kiran sunansa da ƙarfi. Wani falken fatu ne, Salihu, daga garin da ke kusa da nasu. Malam Yunusa ya sauko yana dafa bango. Ya ce mini, "Tsaya kusa da ni."

Suka shiga magana da harshensu. Ni ba na ji, fuska kawai nake karantawa. Da fari na ga tsohon ya runtse ido yana salati. Can sai ya kama hannun mutumin da hannu biyu. Sa'an nan ya zauna daɓas a kan salkata, ruwa ya tsiyaye ya jiƙa mu duka, bai ko sani ba.

Da ya dawo cikin hankalinsa ya fassara mini. Labarin farko mummuna ne: mutanen Japan sun shigo ƙasarsu da jiragen sama, manyan garuruwa sun faɗi. Amma saboda haka ɓangarorin nan biyu sun ajiye gabarsu sun haɗa kai, har masu jar tuta sun sa alamar gwamnati a hulunansu. Yaƙin duwatsun kuwa an yi shi, an karkashe masu jar tuta da yawa, an kama saura. Ana kora kamammu cikin ƙanƙara Haruna ya hango ƙanensa. Ya sauko ya ɗauke shi da mari a gaban kowa, ya ce wannan ɗan iskan barana ne da ya gudu, ya ja shi ya sa shi kiwon dokinsa. Haka ya ɓoye shi har aka yi sulhu. Sanyi ya cinye wa Idirisu yatsun ƙafa uku, amma yana tafiya. Kafin kowa ya koma rundunarsa sun zo gida tare, Salihu ya gan su da idonsa ranar Juma'a.

Na ce, "Malam, ka tambaye shi ko yaron ya yi salla?"

Ya ce, "Na tambaya. Ya shiga sahu kusa da wansa. Abin da ke zuciyarsa kuwa na bar wa Mai shi."

Hajiya Maryama tana bakin ƙofa, Falmata na riƙe da ita. Tambaya ɗaya ta yi, ko sun ci abinci tare. Salihu ya ce sun ci a gidan ƙanwarsu, kwano ɗaya, suna ta gardamar gona da tuta har maƙwabta suka leƙo. Tsohuwar ta yi wata ƙara, na zaci kuka ne, ashe dariya ce haɗe da kuka. Falmata ta rangaɗa guɗa irin tamu a tsakiyar gidan Sinawa, alhazai suka firfito a firgice.

Bayan haji na biyu muka gangaro Jidda tare. Na ce masa, "Malam, ƙasar da ake yaƙi za ka koma?" Ya ce yanzu kam ko a ƙafa. Muna jiran jirginsu na yi masa tambayar da ta daɗe a raina, wadda ba na maimaita ta kusa da bariki. Na ce yana ganin mu ma wata rana Nasara za su bar mana ƙasarmu? Ya ce shi bai san gaibu ba, amma da idonsa ya ga faɗuwar sarautar da kakanninsa suka rantse ba ta faɗuwa, don haka kada in ce wani abu ya fi ƙarfin Allah. Sai dai mu yi tunanin yadda za mu zauna da juna tun kafin ranar ta zo.

Da aka kira su, ya riƙe ni ya ce, "Na san 'ya'yana. Baƙo ne ya haɗa su. Ranar da ya fita, ina tsoron su koma inda suka tsaya. In ka isa gida ka sa mutanenka su roƙa musu Allah. Wataƙila addu'ar da ta zo daga nesa ta fi saurin karɓuwa." Na yi masa alkawari. Matan nan biyu kuwa sai da aka ɓamɓare su daga jikin juna.

Dawowarmu ba ta da wani labari, sai ciwon ƙafa da murnar ganin tuddan rairayinmu. Ban sake jin ɗuriyarsu ba, ban kuwa san yadda yaƙin yake ciki ba. Amma na cika alkawari. Juma'ar farko na sami liman na roƙe shi, in ya gama yi wa gari addu'a ya ƙara da Haruna da Idirisu, Allah ya tsare su, ya daidaita tsakaninsu. Har yau yana yi, jama'a na cewa amin. Kwanan baya muna fitowa, tsoho Malam Kyari ya ja hannun rigata ya ce, "Alhaji, yaran nan da kullum muke roƙa wa shiri, 'ya'yan wace unguwa ne? In abin ya ƙi, ai sai mu tashi dattawa mu je mu zaunar da su."

Na ce, "Baba, gabas da Maine suke, da ɗan nisa."

Ya ce, "To, bari a gama girbi."